Tsakanin Walƙiya da Tsawa

Da damina mukan ga walƙiya, sai can mu ji tsawa. Tare suka taso, sauti ne ya makara a hanya. Haske kan iso nan take, shi kuwa sauti mita 343 yake ci a sakan ɗaya idan ɗumin iska digiri 20 ne. Zafi na ƙara masa gudu: da bazara, a digiri 40, yakan kai wajen mita 355. Cikin ruwa kuwa gudunsa ya ninka na iska fiye da sau 4.

To, da mun ga walƙiya, mu fara ƙirga sakan. Kowane sakan 3, nisan kilomita ɗaya ke nan. Idan tsawa ta faɗi ba mu kai 30 ba, hadarin na kusa. Mu ajiye ƙwallo mu shige aji, ba gindin bishiya ba.