Filin Mata: Kifi Nawa Za Ki Zuba A Ruwanki?

Yau zancenmu a kan kiwon kifi ne, domin mata da yawa sun gina kwami na siminti ko sun kafa na tamfol a bayan ɗaki, waɗansu kuma maigida ya haƙa musu kududdufi a lambu. Abin da ya fi kā da mai farawa shi ne ta ga 'ya'yan kifi ƙanana kamar ɗan yatsa, ta ce ai ruwan nan ya ɗauki dubu. Ta manta wanda ya ke kamar yatsa yau, bayan wata shida zai kai kilo guda. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne.

Da fari ki san irin kifin. Tarwaɗa tana da wata halitta a ka wadda ta ke shaƙar iska da ita kai tsaye, saboda haka tana jure cunkoso. Karfasa kuwa da iskar da ke cikin ruwa ta dogara, in an matse ta sai ta galabaita. A kududdufin ƙasa mai mita 10 tsawo, 10 faɗi, karfasa 200 zuwa 300 sun isa, tarwaɗa kuwa kamar 500. Kwami mai mita 2 tsawo, 2 faɗi, ruwa zurfin mita 1, lita 4,000 ke nan, mai farawa kada ta wuce tarwaɗa 200, shi ma sai in tana da ruwan da za ta riƙa sakewa kowane kwana biyu ko uku. In ruwan gidanku na saye ne daga 'yan garuwa, ki rage.

Sa'an nan ki dubi aljihunki, gama abinci shi ne ke cinye yawancin kuɗin kiwo. Kafin tarwaɗa ta yi kilo guda sai ta ci abinci kilo guda da ɗoriya. Watau kifi 200 za su ci kamar buhu 16 na kilo 15. Ku 'yan makaranta, nan ne lissafinku zai yi rana: ku ɗauko takarda ku buga wa iyayenku kuɗin buhunan nan tun ba a sayo kifin ba. In kuɗin buhu 8 kaɗai ke hannu, to, kifi 100 za a zuba, ko da kwamin ya fi haka girma. Tarwaɗa in ta ji yunwa, babba ta kan haɗiye ƙarama, don haka lalle ne a riƙa ware manya daga ƙanana kowane mako biyu a watannin farko.

Karfasa kuma nata halin dabam ne, haihuwa gare ta. Ki zuba 200, kafin ki farga ruwan ya cika da ƙanana waɗanda ba su girma. Maganin wannan shi ne a nemi maza zalla, ko a saka tarwaɗa kaɗan su riƙa rage 'ya'yan.

Ki riƙa leƙa ruwanki da asuba, lokacin da iskar ruwa ta fi ƙaranci. In kin tarar da karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, ko tarwaɗa sun rataye a tsaye ba motsi, ko ruwan ya fara wari, cunkoso ya yi yawa. Ki tsai da abinci ran nan, ki sake ruwa, ki rage kifin. Da bazara a ƙara kula, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai.

Wadda ke son ƙarin bayani ta tambayi malamin gona na yankinsu, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta tarayya a New Bussa, Jihar Neja. Kifi 100 masu ƙiba sun fi 500 ramammu daraja wurin mai saye. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.