Elden Ring: kafin mu yi wa sabon shiga dariya

Yau za mu ɗan sauka daga maganar kasuwa da haya, mu taɓo wani abu da wasu manyanmu za su ce wasan yara ne. Mun yarda wasa ne. Amma wasan da ya sa matasa biyu 'yan unguwa ɗaya suka yi sati uku ba sa gaisawa ya cancanci a zauna a yi maganarsa.

Wani ƙanenmu da ke dako a kasuwar Mile 12 a nan Legas ya daɗe yana tara kuɗi, har Allah ya nufa ya sayi PlayStation 4 na hannu. Shekara da shekaru yana buga ƙwallo a gidajen gem na unguwa, kuma gwani ne, samun mai cin sa sai an tona. Da ya samu nasa sai ya nemi a saka masa Elden Ring, saboda yadda yake ganin ana zuzuta shi a YouTube da TikTok. Kwana huɗu ya yi yana fama da wani bos guda ɗaya bai wuce ba. Ranar na biyar ya je wurin wani yayansa a harkar, wanda ya gama gem ɗin tun tuni, ya ce, "Yaya, don Allah ya ake yi da mutumin nan mai sanda?" Amsar da ya samu a gaban mutane ita ce, "Kai dai koma wa ƙwallonka, wannan ba na yara ba ne." Aka kwashe da dariya. Washegari ya sa a goge gem ɗin, gaisuwa kuma ta yanke.

Ra'ayinmu shi ne gem ɗin yana da wuya da gaske, wanda ya ce ba shi da wuya ya manta farkonsa ne. Amma abin da ya kori wannan yaro ba mai sanda ba ne, dariyar ce.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, Elden Ring gem ne na yaƙi da takobi da tsafi wanda kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar a watan Fabrairun 2022, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki. Marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, wanda aka yi fim ɗin Game of Thrones daga littattafansa, shi ya taimaka wajen tsara tarihin duniyar da ke ciki. Kamfanin ya daɗe da yin suna wajen wahalar da mutane: Demon's Souls a 2009, Dark Souls a 2011, Bloodborne a 2015, Sekiro a 2019. Duk da haka Elden Ring ya sayar da sama da kwafi miliyan 12 cikin makonnin farko, ya lashe kyautar gwarzon gem na shekarar 2022, zuwa tsakiyar 2024 kuma ya haura miliyan 25. Wato mutane da kuɗinsu suke sayen wahalar.

Wahalar tana farawa ne tun kafin ka san inda kake. Yawancin gem suna tambayarka a farko ko mai sauƙi kake so, ko matsakaici, ko mai tsanani. Nan babu wannan tambayar, kowa tukunya ɗaya ake zuba masa. Minti kaɗan da farawa za ka haɗu da wani dodo mai hannuwa barkatai, kuma an ajiye shi ne don ya kashe ka. Wurin da ake koya maka yadda ake sara da karewa da kaucewa yana cikin wani rami ne da sai ka dira da kanka, mutane da yawa sun wuce shi ba su ma lura ba. Kana fitowa fili, ga ciyawa ga bishiyar zinare tana haske, sai ka hango wani barde a kan doki sanye da sulken zinare yana sintiri a bakin hanya. Sunansa Tree Sentinel. Duk wanda ya saba da sauran gem zai ɗauka abokin gaba na farko shi ne mafi rauni. Sara biyu ko uku zai yi maka, allo ya yi duhu, jan rubutu ya fito yana sanar da kai ka mutu. Darasin da ake so ka koya shi ne ka zagaye shi ka tafi abinka, ka dawo bayan ka yi ƙarfi. Amma ba wanda zai faɗa maka.

Sannan mutuwar ba kyauta ba ce. Duk abin da ka kashe yana ba ka wani abu mai kama da kuɗi, da shi kake sayayya, da shi kake ƙara wa jaruminka ƙarfi. In ka mutu, duk abin da ke hannunka zai zube a inda ka faɗi. Dama ɗaya kake da ita ka koma ka kwashe. In aka sake kashe ka a hanya, ya tafi ke nan. Duk wanda ya taɓa tara kuɗin adashi ya ga sun salwanta ya san abin da zuciya ke yi a lokacin. Kuma duk sanda ka zauna hutawa a wurin hasken da ake farfaɗowa, ƙananan abokan gaban da ka sha wuya ka kashe za su dawo daram.

Mai sandan da ya hana ƙanenmu barci sunansa Margit, shi ke tsare hanyar shiga fadar Stormveil. Muguntarsa ba a ƙarfi kaɗai take ba. Yana ɗaga sanda sama ya riƙe, kai kuma tsoro ya sa ka yi tsalle ka kauce da wuri, kana miƙewa sai saran ya sauka a kanka. Hannun da ya saba da ƙwallo, inda saurin danna maɓalli ke ba ka nasara, nan saurin ne ke kashe shi. Dole ka koyi jira, ka ƙirga motsinsa, ka san bayan sara na nawa yake buɗe jiki. Ba ragwanta ce ta kayar da yaron nan ba, gwanintar da ya zo da ita ce ba ta da amfani a wannan fili. Kuma abin haushin, hasken da gem ɗin ke nuna maka hanya da shi kai tsaye wurin Margit yake kai ka, alhali ba ka shirya ba.

Yanzu mu zo kan abin da ya shafe mu. Waɗanda suka tsara wannan gem sun tsara shi ne da tunanin mutumin da ke da wuta dare da rana, da intanet marar yankewa, da ɗakinsa shi kaɗai. Mu kuwa yaya muke? Kana tsakiyar faɗa, saura ƙiris bos ya faɗi, a ɗauke wuta, in ta dawo faɗan ya koma farko. In janareta ne, kowace mutuwa fetur ce. In a gidan gem ne, ƙwallo minti goma an gama an san wanda ya ci, amma wannan sai ka biya kuɗin awa biyu ka tashi ba ka matsa ko taku ɗaya ba, ga na bayanka suna jiran hannu suna tsaki. Babu maɓallin tsayar da wasa irin na sauran gem, don haka in an kira salla ko Hajiya ta ƙwala maka kira daga tsakar gida, sai dai ka ajiye hannu ka bar jarumi a hannun Allah. Turancin da ke ciki ma irin na dā ne, mai nauyi, wanda ko ɗan jami'a sai ya karanta sau biyu. Ɗan dakon da ya tashi tun asuba yana sauke kwandunan tumatir, awa ɗaya yake da ita da dare kafin barci ya ɗauke shi. Wahalar da Bature ke kuka da ita, namu yaran ninki biyu suke sha.

Babban abin da muke rasawa shi ne taimakon da aka gina a cikin gem ɗin. Mai intanet yana ganin saƙonnin da wasu 'yan wasa suka rubuta a ƙasa, suna gargaɗin akwai tarko a gaba, ko da yake wasu 'yan iska ne, sai su ce ka yi tsalle alhali rami ne. Yana iya kiran wani baƙo daga wata ƙasa ya shigo duniyarsa su taru a kan bos. Miyazaki ya taɓa ba da labarin inda ya samo wannan tunani: wata rana ƙanƙara ta sa motoci suka kasa hawa wani tudu, sai na baya ya riƙa tura na gaba, shi ma aka tura shi ya haye, kuma bai samu damar tsayawa ya yi godiya ba, bai san su waye ba. Duk wanda ruwan Legas ya taɓa kashe wa mota a tsakiyar titi ya ga irin wannan. A 2022 an yi wani ɗan wasa da ya yi suna a duniya, ba sulke a jikin jaruminsa sai tulu a ka da takubba biyu, aikinsa kawai ya shiga duniyar mutanen da Malenia ta gagara ya kashe musu ita, ita da ake ganin tana cikin mafi wuya a gem ɗin, domin duk saran da ta yi maka lafiyarta ƙaruwa take yi. Ya yi haka har sau dubu, kamfanin da ke rarraba gem ɗin, Bandai Namco, ya aika masa da kyautar takobi. To amma wannan duka sai da data, a PlayStation kuma sai da rajistar da ake biya. Yawancin yaranmu ba su da ita. Abin da zai maye gurbinta shi ne yayan da ke zaune a gefe a kan benci. Shi ne kuma ya ce koma wa ƙwallonka.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne sabuwar ɗabi'ar da wasu gwanayenmu suka kwaso daga intanet, ta cewa wanda ya yi amfani da taimako bai ci gem ba. In ka kira ruhohin da ke taya ka faɗa, ka yi maguɗi. In ka yi amfani da tsafi daga nesa, kai matsoraci ne. In ka riƙe garkuwa, ba ka iya ba. Wa ya kafa wannan doka? Shi kansa Miyazaki ya faɗa a hira cewa bai iya gem sosai ba, kuma in zai buga yana amfani da duk wani taimako da aka tanada. Mai abu ya ce ga yadda yake yi, ɗan kallo a Agege ya ce haramun ne. Su kuma masu wannan magana, in aka bincika wayarsu, za a tarar da bidiyon da suka kalla kafin su wuce kowane bos.

Akwai masu cewa ai gyaran mai sauƙi ne, kamfanin ya sa zaɓin sauƙi kowa ya huta. An yi wannan muhawara sosai lokacin da Sekiro ya fito a 2019, kuma ba ma raina ta, musamman hujjar masu lalurar hannu ko ido, waɗanda ba haƙuri ne ya gaza musu ba, jiki ne. A nan muna ganin kamfanin yana da sauran aiki. Amma ga mai lafiya, ba ma goyon bayan a rage wa Margit ƙarfi. Mun ga yadda ɗaki ke kaurewa da ihu ranar da mutum ya kayar da shi bayan faɗuwa talatin, hannu na rawa, gumi na zuba, kamar an ci kofi. Da an sauƙaƙa, da wannan daɗin bai samu ba. Kuma gaskiya sauƙin yana nan, an ɓoye shi ne kawai a cikin duniyar gem ɗin. Baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Da yayan nan ya ba da minti biyar, ga abin da zai faɗa. Kar ka fara da jarumin da ke zuwa tsirara da kulki, ɗauki Vagabond mai sulke da garkuwa, ko Samurai mai takobi da baka. Ka bar barden zinare ya yi ta sintirinsa. Ka yi ta zama a wuraren haske har Melina ta bayyana, domin kafin ita ba ka iya ƙara ƙarfi ko kaɗan, ita ce kuma za ta ba ka doki. Daga nan ka koma cocin Elleh da dare, wata mayya mai babbar hula za ta ba ka ƙararrawar kiran ruhohi da kyarketai uku masu taya ka faɗa. Kuɗin farko ka zuba su a ƙarfin rai, ba ƙarfin sara ba, don sara biyu kada su gama da kai. Maimakon bin haske zuwa arewa, ka juya kudu ka haye gada zuwa Weeping Peninsula, inda abokan gaba suka fi sauƙi, kuma akwai coci uku da kowacce ke ɗauke da abin da ke ƙara wa maganinka ƙarfi. Ka kai makaminka a wasa shi. In ka dawo wurin Margit, duba ƙasa a bakin ƙofar, akwai alamar zinare ta kiran wani boka mai suna Rogier, ba ta buƙatar intanet. Duk wannan ba sirri ba ne, kuma bai rage wa mai faɗa komai ba.

Sabon shiga shi ma da nasa. In ka ga faɗuwa ta kai goma kuma ranka ya fara ɓaci, ajiye hannun, domin hannun PlayStation ba araha ba ne, kuma mun san waɗanda suka rotsa nasu da bango. In kuɗin awa kake biya, wannan gem ba na gidan gem ba ne, ka haɗa kai da mai na'ura a gida. In kuma ka gwada ka ga ba ya yi maka daɗi, barinsa ba abin kunya ba ne, babu wanda aka taɓa tambaya a wurin neman aure ko ya kashe Malenia.

Mun sa baki a maganar waɗancan biyun. Babban ya ce shi wasa yake yi, bai san abin ya yi zafi haka ba. Mun ce masa to ranar Lahadi ya ɗauki faifansa ya je ɗakin yaron, a sake saka gem ɗin, ya zauna a gefe ya riƙa nuna hanya, amma sharaɗi ɗaya: ba zai karɓi hannun ba ko da an roƙe shi. Ya amince. Fetur ɗin janareta kuma shi zai saya.