Mai Aron Waƙa Ya Faɗi Sunan Mai Ita

A watan Oktoba na 1961, a tashar jirgin ƙasa ta Dartford da ke Ingila, Keith Richards ya hangi Mick Jagger riƙe da faya-fayan Chuck Berry da Muddy Waters, baƙaƙen mawaƙan Amurka. Wannan haɗuwa ce tushen ƙungiyar Rolling Stones, wadda ko sunanta daga waƙar Muddy Waters aka samo shi. Faifansu na farko, na 1964, yawancinsa waƙoƙin aro ne daga irin su Willie Dixon da Jimmy Reed. Ba su ɓoye ba. Sun je Chicago sun naɗi waƙa a ɗakin Chess, inda malamansu ke naɗa, kuma a 1965 suka sa aka gayyato Howlin' Wolf shirin talabijin tare da su. Da haka samarin Turai suka nemi faya-fayan dattawan.

Ƙungiyar Led Zeppelin kuwa, a faifanta na biyu na 1969, ta ɗebi baitocin Willie Dixon ba tare da ambatonsa ba. Sai da ya kai ƙara a 1985 aka sasanta, sannan sunansa ya hau waƙar.

Wannan labari ya shafe mu, mu Hausawan Yagwa. Muna zaune a gaɓar Logone tsakanin Masa da Fulani, nesa da Kano da Katsina. Cikin abubuwan da suka riƙe mana harshe akwai kasakasan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da iyayenmu suka adana. Yau matasanmu suna haɗa kiɗa a kwamfuta, su ɗauki amshin Shata ko sautin kuntigi ko gangar maƙwabtanmu Masa, su watsa a waya kamar su suka ƙirƙira.

Ba mu ƙin aro, domin kowane mawaƙi ɗan koyo ne. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Yaron Kano da aka ɓoye wa sunan Shata zai ji shi a bakin wani; namu a nan, in mawaƙi bai faɗa ba, wa zai faɗa masa? Saboda haka duk wanda ya ɗora waƙa, ya rubuta sunan wanda ya aro daga gare shi, Bahaushe ne ko Bamasa. Yaba kyauta tukwici.