Kiɗan Fiyano Da Makomar Kalangu A Birnin Kano

Duk wanda ya halarci biki a Mandawari ko wata unguwa ta cikin birnin Kano a 'yan shekarun nan zai lura cewa kiɗan da ke tashi daga lasifika ba na kalangu ba ne, ba kuwa na goge ba. Kiɗa ne da mutum ɗaya ya zauna a sitidiyo ya haɗa da fiyano da kwamfuta, ya gauraya zaƙin waƙar fina-finan Indiya da bugun hip hop na Amurka, sa'an nan ya ɗora kalmomin Hausa a kai.

Asalin al'amarin yana tare da fim. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa, wadda Ibrahim Mandawari yake cikin jagororinta, ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Da sana'ar ta bunƙasa sai masu shirya fim suka bukaci waƙoƙi da yawa cikin sauri da araha, suka kuwa sami biyan bukata wajen fiyanon Yamaha. Fim ɗin Sangaya na 1999, shekarar da Alhaji Mamman Shata ya rasu, shi ne ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙar fiyano tana sayar da kaset. Daga nan aka sami salon da ake kira nanaye. Matasa irin su Nazir Ahmed Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, suka shigo da hip hop cikin Hausa, kamar yadda ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskia suka yi a Jamhuriyar Nijar. A 2020 waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta nuna iyakar nisan da wannan kiɗa ya kai, domin ta wayar hannu ta zaga gidajen Hausawa na gida da na waje.

Amfanin wannan sauyi a fili yake. A da kiɗa gado ne, ɗan makaɗi ke zama makaɗi, kuma kowane rukuni da nasa: kalangu na mahauta, tambari da kakaki na sarakuna. Fiyano ya buɗe ƙofa ga wanda bai gada ba, ya samar wa ɗimbin matasa abin yi.

Amma fa akwai hasara. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma mai kalangu yakan matsa tsarkiyar gangarsa ya sassauta har ta bi hawa da saukar magana, mai sauraro ya gane kirarin da take yi. Gangar da ke cikin fiyano ba ta yin haka, bugu ɗaya take maimaitawa. Haka nan Auto-Tune, abin gyaran murya da kamfanin Antares ya fitar a 1997, yana jan muryar mawaƙi zuwa ma'aunin sautin Turawa, shi ya sa muryoyi da dama suke fitowa kamar daga maƙogwaro guda. Bugu da ƙari, duk bikin da aka sallami makaɗa aka ɗauko mai lasifika, an rage wa wani yaro dalilin koyon sana'ar ubansa.

Hankalin hukuma ya fi karkata ga tarbiyya. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001, an ɗaure Adam A. Zango a 2007 saboda faifansa Bahaushiya, a 2009 kuma wata kotu ta haramta waƙoƙi 11. Waɗannan matakai sun shafi abin da mawaƙi ya faɗa ko ya nuna, ba su ce komai ba game da ɓacewar kayan kiɗan.

Abin lura shi ne, na'urar da ta ture kalangu ita ce kuma za ta iya adana shi. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, tare da Jami'ar Bayero, su naɗi sautin kalangu, kotso, kukuma da algaita daga hannun gwanayen da suka rage, a biya su haƙƙinsu, a ba sitidiyoyi damar aiki da shi. Masu sitidiyo su ma su riƙa gayyatar makaɗan gargajiya su buga da hannunsu. Idan aka yi sakaci har waɗannan dattawa suka ƙare, babu kwamfutar da za ta koya wa yaro yadda ake sa ganga ta yi magana.