Mu Riƙa Yanka Rasit

'Yan'uwa manoma, in za mu shiga birnin Kano neman gudummawar haƙa rijiya wurin attajiran Kurmi ko Ƙofar Wambai, mu san doka tukuna. Kamfani yana iya cire abin da ya bayar daga ribar da za a yanka masa haraji, muddin bai wuce kashi 10 cikin 100 na ribar ba, kuma sai ga ƙungiyar da hukuma ta amince da ita. Manomin da ya ba da buhun dawa kuwa, ba a rage masa kome. A ganina wannan ba daidai ba ne. Duk da haka, ƙungiyoyinmu su nemi amincewar, mu riƙa yanka rasit. Attajiri in ya ga takarda, hannunsa ya fi sakewa.