Masu Gadin Abinci Da Magani

In an ce kemis, yawancin mutanenmu sai su tuna da kantin sayar da ƙwayoyi na bakin kasuwa. Akwai kuwa wani kemis da ba a ganinsa, watau masanin sinadarai wanda Gwamnati ke ɗauka don ya riƙa gwada abin da jama'a ke ci da sha. A kan aikinsa ne muke so mu jawo hankalin iyaye da shugabannin makarantu.

Cikin 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan an ba su maganin zazzaɓi na ruwa. Da aka bincika, sai aka tarar an haɗa shi da dayitilin gilaikol, wani ruwa mai ɗan zaƙi da ake sa wa man birki, wanda ke kashe ƙoda. Ido ba ya gane shi cikin magani, harshe ma haka, sai na'ura da wanda ya san aikinta. Bayan shekara uku, cikin 1993, aka kafa Hukumar NAFDAC. Duk da haka wannan dafi ya sāke ɓulla a ƙarshen 2008 cikin maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu. A 2013 kotu a Legas ta ɗaure mutum biyu na kamfanin shekara bakwai-bakwai.

Aikin bai tsaya ga magani ba. Masanin nan shi ke duba burodi ko an sa masa sinadarin da aka hana, ya duba gyaɗa ko fumfuna ta bar mata dafi, ya duba wake. Manoma ba su manta ba, cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

To, su wa za su riƙe wannan aiki? Hukumar tana da ɗakin gwaji a Kaduna, ban da na Legas. Hanyar kuwa a fili take: yaro ko yarinya ya ci kemistiri da fizis da lissafi da Turanci a sakandare, sa'an nan ya yi shekara huɗu a jami'a, ko Zariya ko Kano ko wata. Amma mun lura da yawan iyaye, in ɗansu ya nemi likita bai samu ba aka ba shi kemistiri, sai su ga kamar ya faɗi. Wannan kuskure ne, gama likita da kansa ba ya iya tabbatar da abin da ke cikin kwalbar da ya rubuta.

Ba mu ɓoye cewa aikin yana da haɗari ba. Wanda sa hannunsa ke hana kaya shiga kasuwa lalle za a zo masa da toshiya, in ya ƙi a zo da barazana. Cikin 2003 har harbin Dora Akunyili aka yi tana shugabar Hukumar, Allah ya kiyaye.

Abin da muke roƙon shugabannin makarantu shi ne kada ɗalibi ya gama sakandare bai taɓa auna sinadari da hannunsa ba, sai zane a allo. Waɗanda ke kusa da Kaduna kuma su nemi izni su kai 'yan ajin ƙarshe su ga ɗakin gwajin.