Na'urar Ji Kada Ta Kori Maganar Hannu

Ƙanwata tana shekara uku sanƙarau ya taɓa mata ji a Azare. Mahaifinmu ya sayar da tumaki ya sayo mata na'urar ƙara ji, aka kuma gargaɗe mu kada mu yi mata magana da hannu, wai bakinta zai ƙi buɗewa. A ganina wannan kuskure ne.

Na'urar sauti kawai take ƙarawa, ba ta koyar da harshe. Duban leɓe kuwa, 'yan'uwa ɗalibai, kun san "bari" da "ɓari" kama ɗaya suke a baki, kuma karin sauti ne ya raba kuka ta miya da kuka na hawaye. Ni mai ji ma, da na tashi da Fulatanci, karin nan ya ba ni wuya.

Taron Milan na 1880 ya hana koyar da kurame da hannu, sai a 2010 a Kanada aka yi watsi da hukuncin. Maganar Hannu harshe ne cikakke, har Constanze Schmaling ta yi littafi a kanta a 2000. A ɓoye mahaifiyarmu ta riƙa nuna wa yarinyar "ruwa" da hannu, daga baya ta furta shi da baki.